Akwatunan da ake buɗewa a gem ɗin harbi: wa ya kawo su, kuma abin ciki kuɗi ne ko kwalliya?

Ɗan_Gujungu: Salamu alaikum ƴan gida. Dan Allah masu ilimin abin nan ku raba mana wata gardama. Waɗannan akwatunan da ake zuba kuɗi a buɗe a PUBG da Free Fire da CODM (Call of Duty na waya), wa ya fara kawo su cikin gem ne? Sannan abin da ake samu a ciki yana da wata daraja ta gaske ko dai kwalliya ce kawai? Don akwai wanda yake ta rantse mana wai an sayar da bindigar gem sama da dala miliyan ɗaya, ni kuma nace in dai haka ne me ya hana masu Glacier (fentin bindigar M416 da ake ji da shi a PUBG) na garin nan su sayar su sayi fadama su huta.

Sniper_Kazaure: Wa'alaikumussalam. Kwalliya ce zalla. M416 mai Glacier da M416 tsirara duk harsashi ɗaya suke fitarwa, in hannunka bai iya riƙe bindiga ba ko da zinare aka shafe ta kwanciya za kayi.

Injiniya_Wudil: Wanda ya faɗa maka zancen dala miliyan bai yi ƙarya ba, sai dai ba a gem ɗin waya bane, a Counter-Strike ne na kwamfuta. A 2024 an sayar da wata AK-47 mai fentin Case Hardened, zane mai lamba 661, a kan sama da dala miliyan ɗaya. Tun kafin nan ma a 2018 an sayi wata AWP Dragon Lore dala dubu 61. Maganar asali kuma daga ƙasashen Asiya abin ya taso. A Japan suna da wani inji da suke kira gachapon, ka jefa sulalla ka murɗa sai ƙwallon roba ya faɗo da abin wasan yara a ciki, baka san wanne zai faɗo ba. A 2004 masu gem ɗin MapleStory suka ɗauko wannan dabarar suka sa a cikin gem a Japan ɗin, daga baya a China wani gem mai suna ZT Online ya mayar da buɗe akwati babbar hanyar samun kuɗinsa. Dalilin kuwa a fili yake, mutanen can a shagunan intanet suke buga gem, ga satar faifai ta yi yawa, to kamfani yaga sayar da faifai ba zai kai shi ba sai ya bar gem ɗin kyauta ya koma tatsar mutane daga ciki. Turawa sai daga baya suka kwaikwaya, FIFA ta fara fakitin ƴan ƙwallo a 2009, a gem ɗin harbi kuma kamfanin Valve ne ya buɗe ƙofar da Team Fortress 2 a watan Satumban 2010, akwati ya faɗo maka kyauta amma makullin buɗe shi dala 2.49. A watan Agustan 2013 suka kai tsarin cikin CS:GO, wato Counter-Strike na lokacin, daga nan ne kasuwar sikin, wato fentin bindiga, ta kafu.

Baba_Karami_07: Kai Injiniya wannan ai lakca ce hhhh. Akwati kyauta makulli da kuɗi, wlh wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan ba ƙaramin ɗan kasuwa bane.

FF_Sarkin_Ringim: @Sniper_Kazaure yi magana a kan PUBG ɗinka kawai yayana. A Free Fire sikin ɗin bindiga yana canza ta, a jikinsa ma ake rubutawa, wani ya ƙara saurin harbi wani ya ƙara illa wani ya rage saurin sa harsashi. Ka haɗu da mai MP40 Cobra da ya ɗaga ta sama a Clash Squad kai kana riƙe da taka tsirara kaga yadda za a yi da kai. Shi yasa in za a buɗe rum na gasa ake kashe wannan ƙarin, don in an barshi mai kuɗi ne zai ci.

Sniper_Kazaure: To shi yasa bana buga naku ai. Gem ɗin da aljihu ke harbi ba hannu ba.

FF_Sarkin_Ringim: Naku kuma sai waya mai tsada. Mu masu 3GB ina za mu? Kowa da inda kuɗi ke shigo masa a harkar nan, kai a waya ka biya mu a daimon.

Ɗan_Gujungu: To Injiniya ni inda ban gane ba, me ya bambanta ta Counter-Strike da Glacier? Duk ba fenti bane?

Injiniya_Wudil: Fenti ne duka, bambancin kasuwa ce. A Counter-Strike abin da ka samu zaka iya miƙa wa wani ɗan wasa ko ka kai shi kasuwar Steam, shagon gem na Valve a intanet, ka sa farashi, Valve su cire kashi 15 cikin ɗari a kowane ciniki. Kuɗin da ka samu a nan baya fita daga Steam, sai dai ka sayi wani gem ko wani sikin, amma akwai shafukan waje da ake ciniki da kuɗin gaske, a irin wannan cinikin na bayan fage ne ake jin manyan alƙaluman nan. A gem ɗin waya kuma abin a manne yake da akawun ɗinka, ba ya ciruwa, ba ka iya ba ko ƙaninka balle ka sayar.

MaiCaji_Maigatari: Ni fa duk abin nan a gabana ake yinsa, shagon caji ne da ni kuma ina loda wa yara UC da daimon, wato kuɗin cikin PUBG da Free Fire. Ranar Alhamis in kasuwa ta ci yaro zai wuni yana dakon buhu ko yana kora awaki, la'asar sakaliya ya zo ya zube min kuɗin yace a loda masa. Sai su zagaye waya ɗaya su kusan goma, kan wannan a kafaɗar wancan, wani yace tsaya kar ka danna sai ƙarfe goma sha biyu na dare lokacin ne sa'a take buɗewa, wani yace fara canza kayan jikinka tukuna, wani yace ka danna kusurwar allo sau uku. Akwatin ya yi ta walƙiya yana girgiza sannan ya tofo masa hula ko fentin parashut. Shiru na ɗan lokaci, sai kuma yace Oga saura nawa a kuɗina. Wlh tamkar cankar balan-balan ɗin da muke yi ranar sallah muna yara, babbar tana rataye a sama kowa yana kallonta, ka biya ka canki lamba a baka ƴar mitsitsiya, kuma har sallah ta wuce babbar tana nan.

Baba_Karami_07: Hhhh Oga MaiCaji kai da kake cin riba a ciki kuma kake tona asiri?

MaiCaji_Maigatari: Ɗan abin da nake samu a kai bai kai na cajin waya ba. Kuma akwai yaran da nake korawa, in na san ubansa bai san da kuɗin ba bana lodawa.

Lissafi_BirninKudu: Zancen ƙarfe sha biyun dare da canza kaya duk camfi ne, lissafin a sabar kamfani ake yinsa tun kafin walƙiyar ta fara, walƙiyar don zuciyarka kawai aka yi ta. Bari in baku alƙaluman Counter-Strike tunda su an bayyana su, dalili kuwa China ta kafa doka daga 1 ga Mayu 2017 cewa dole kamfani ya faɗi yiwuwar samun kowane abu. Da launi ake raba darajar kayan: shuɗi, wato tarkacen da ba ya da daraja, kashi 79.92 cikin ɗari. Shunayya 15.98. Ruwan hoda 3.2. Ja 0.64. Wuƙa ko safar hannu, abin da kowa yake nema kenan, 0.26. Wato kusan ɗaya a cikin 385. Ka ninka 385 da dala 2.49 ka samu kusan dala 960 a makullai kaɗai ba a sa kuɗin akwatunan ba, in ka ɗauki dala a kan naira 1,500 ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Kuma abin da mutane basa ganewa, ko ka buɗe 385 ɗin ba alƙawari aka maka ba, a cikin mutum ɗari da suka buɗe hakan kusan 37 za su tashi babu wuƙa. Akwatin baya tuna cewa jiya ka sha kashi.

Sniper_Kazaure: Wannan jimlar ta ƙarshe a rubuta a manna a shagon MaiCaji.

CODM_Ɗan_Bichi: Amma Malam Lissafi ba duka ne haka ba fa. Lucky draw na CODM kaya goma ne a ciki, wanda ka samu an cire shi kenan baya dawowa, in ka juya sau goma dole ka kwashe duka har babbar bindigar. Apex Legends ma sun yi alƙawarin cewa kafin ka wuce fakiti 500 zaka samu heirloom, wato kayan da ya fi wuyar samu a gem ɗin. Kaga nan akwai ƙarshe.

Lissafi_BirninKudu: Akwai ƙarshe, amma ka duba yadda farashin yake hawa. Juyin farko araha kamar kyauta, kowane juyi ya fi na baya tsada, kuma babbar bindigar kusan kullum sai a can ƙarshe take fita don ita aka ba mafi ƙanƙantar kaso. In ka kai na shida ko na bakwai sai kaga in ka tsaya kuɗin baya sun tafi a banza, sai ka ci gaba. Da za su rubuta jimillar kuɗin a kan bindigar su ce ga farashinta da yawa ba za su saya ba. Valorant haka suke yi, farashi a rubuce, tsada kam akwai tsada amma ka san me kake saya.

Malam_Na_Tsangaya: Assalamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu, ɗalibi ne ni ba mai fatawa ba amma bari in faɗi abin da muka karanta. A Sahihu Muslim an rawaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin jifa da tsakuwa da cinikin garari, wato cinikin da mai saye bai san abin da zai samu ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida kuma ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya. To ku duba da kanku, ka bada kuɗi sananne a kan abin da ba sananne ba, wani ya samu abin da ya ninka kuɗinsa dubu wasu su samu abin da ko kyauta basa so. Mu a nan cinikin biri a sama ma ba ma yarda da shi a kasuwa, don ya koma cikin waya bai canza ba.

CODM_Ɗan_Bichi: Allah ya gafarta Malam, amma a caca zaka iya tashi hannu rabbana, nan kuwa dole a baka wani abu ko yaya yake. Kamfanonin ma da wannan suke kare kansu.

Malam_Na_Tsangaya: Ƙanena, da za a ce maka ga hular nan ita kaɗai a wannan farashin zaka saya? In amsar a'a ce to ba don hula ka biya ba.

Baba_Karami_07: To Malam wanda ake buɗewa da kufon na kyauta fa? A PUBG in ka tara gutsattsari goma sai su zama kufon ɗaya na Classic, akwai wanda na sani a haka ya samu Glacier bai sa ko sisi ba.

Malam_Na_Tsangaya: Wannan ba ciniki aka yi ba tunda ba ka bada dukiya ba, hukuncinsa daban. Sai dai a tambayi manyanmu don ƙarin bayani, kuma a kula da lokacin sallah, don wannan ma wata asarar ce.

Aunty_Hadejia: Ku kuna ta lissafin dala mu a gida muke ganin abin. Ƙanina ɗan shekara sha huɗu ya haddace lambar sirrin wayar Innarmu don shi take ba ya tura mata kuɗi, kuɗin da ta tara na surfen shinkafa ya dinga zara kaɗan kaɗan yana sayen abin juyawa a wani gem, ba zan faɗi sunansa ba. Sai da ta je POS za ta cire kuɗin taki aka ce babu. Da aka tsare shi kuka yake yana cewa saura kaɗan ya samu, in ya samu zai sayar da akawun ɗin ya mayar mata. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, shi har ga Allah yana ganin jari ya zuba.

MaiCaji_Maigatari: Subhanallah. Allah ya mayar mata da alheri Aunty. Irinsu nake faɗa.

Ɗan_Dambatta_Pro: Amma gsky akawun ana sayarwa fa, kullum a guruf guruf ana tallarsu, mai Glacier da aka ɗaga har mataki na 7 ba ƙaramin kuɗi ake sa masa ba. To ta yaya za a ce ba shi da daraja?

Injiniya_Wudil: Ana sayarwa amma dokar gem ɗin ta hana, in sun gano za su iya rufe akawun ɗin kuma ba inda zaka kai ƙara. Sannan ka tambayi duk wanda ya sayar nawa ya zuba nawa aka bashi.

Gwarzo_Gamer: Kuma harkar cike take da ƴan damfara. Na taɓa sayen akawun a hannun wani da muka haɗu a guruf, ya bani komai na canza lambar sirri har na fara taƙama a unguwa, ashe imel ɗin farko da aka buɗe shi da shi yana hannunsa. Wata safiya na tashi an fitar da ni, lambarsa kuma a kashe. Bayan kwana biyu naga hoton akawun ɗin a wani guruf ana talla.

Sniper_Kazaure: Hhhh yi haƙuri abokina ba dariya nake maka ba. Akawun ɗaya ya auri maza goma.

FF_Sarkin_Ringim: Ni duk wannan bai dame ni kamar netwok ba. Ka mallaki sikin na duniya in fin ɗinka, wato jinkirin netwok, ya haura 200 kana harbin iska ne, mutum ya riga ya kashe ka kafin ka ganshi. Mu nan sai mun fita bakin titi wajen makarantar firamare muke samun 4G mai kyau, da damina kuwa in hadari ya taso shikenan.

Gwarzo_Gamer: Ga zafin waya. Nawa sai na cire bayanta na ɗora a kan randa.

Admin_Kiyawa: Jama'a a dawo kan tambayar Ɗan_Gujungu, zancen netwok yana da ranarsa.

Tsohon_Hannu_Rano: Ni na buga Overwatch a laftof lokacin ina makaranta a birni, bari in cike inda Injiniya ya tsaya. Overwatch ta fito 2016, ita ce ta sa akwati ya zama ado, kaya huɗu a ciki duk kwalliya, kuma kana samu kyauta in ka hau mataki, mutane basu cika ƙorafi ba. A shekarar ne kuma badaƙalar cacar sikin ta CS:GO ta fashe, aka gano wasu mashahuran ƴan YouTube biyu suna tallar shafin caca suna nuna suna ci alhali su ne masu shafin. Wanda ya ɓata miyar gaba ɗaya EA ce da Star Wars Battlefront II a Nuwamban 2017, gem ka saya da kuɗinka sannan abin da ke ƙara maka ƙarfi a fagen fama yana cikin akwati. Amsar da suka ba masu ƙorafi a shafin Reddit ta zama wadda aka fi dannawa ƙi a tarihin shafin, dole suka dakatar da sayarwar ana gab da fitar da gem ɗin. Daga nan gwamnatoci suka farka, a Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam tace akwatunan Overwatch da FIFA 18 da CS:GO caca ne. Holan ma ta taso har ta ci EA tarar yuro miliyan 10 a kan fakitin FIFA, amma a 2022 babbar kotu ta soke. A Faransa Valve suka kawo wata na'ura a 2019 da ke nuna maka abin cikin akwati kafin ka biya, sai dai ba ka duba na gaba sai ka sayi wanda ka gani, kaga wayo. A shekarar ne kuma suka hana cinikin sababbin makullai tsakanin ƴan wasa don sun ce ƴan damfara na wanke kuɗi da su. Overwatch 2 ta cire akwati a 2022 ta koma battle pass, wato ka biya sau ɗaya kana karɓar kayan da aka jera kana hawa mataki, a 2025 kuma suka dawo da shi don ƴan wasa da kansu sun yi ta cewa gara da.

Baba_Karami_07: Wato an cire kuma mutane suka ce a dawo musu da shi? To laifin wa kenan hhh

Tsohon_Hannu_Rano: Don a da kana samun kaya kyauta in kana bugawa, da aka cire sai komai ya koma saye tsagwaro da tsada. Ni a wajena akwatin da ake baka don ka buga ba matsala bane, wanda ake sayar maka ne matsala.

Ɗan_Dambatta_Pro: To ni dai har yanzu ina kan bakana, na Counter-Strike kam dukiya ce. Akwai waɗanda suka sayi akwatuna suna arha suka ajiye shekaru, da aka daina fitar da su farashi ya ninka ya ninka. Da CS2, sabuwar Counter-Strike, ta fito a 2023 ma duk kayan mutane aka kwaso musu. Abin da zaka ajiye ya ƙara kuɗi ai kadara ne, kamar mai ajiye riɗi ya jira tsada.

Lissafi_BirninKudu: Ka lura waɗanda ka ambata ajiyewa suka yi basu buɗe ba, wanda ya buɗe shi ke biyan ribarsu. Sannan ka tuna Oktoban 2025? Valve suka saki apdet ɗaya cewa in ka haɗa jajayen sikin biyar zaka iya musanya su da wuƙa ko safar hannu. Cikin kwana ɗaya farashin wuƙaƙe ya rikito, masu bin kasuwar suka ce an yi asarar da ta haura dala biliyan ɗaya, jajayen da ake rainawa kuma suka yi tashin gwauron zabi. Ba fari aka yi ba ba ambaliya ba, wasu mutane ne a ofis suka canza doka. Riɗinka yana rumbunka, wannan kuwa yana kan sabar wani.

Ɗan_Dambatta_Pro: Ai daga baya ta ɗan farfaɗo. Kuma wanda yake da jajaye da yawa a ranar ya kwana attajiri, kasuwa kenan wani ya faɗi wani ya tashi. Naira ma ba a ofis ake karya ta ba?

Sniper_Kazaure: Wannan kuma ka taɓo inda yake mana ciwo.

CODM_Ɗan_Bichi: Ni ban taɓa sa kuɗi da niyyar su dawo ba. In na sayar da albasa na ware wani abu na sayi battle pass don na san abin da ke ciki tun daga farko har ƙarshe, in na shiga lobi da kaya masu kyau ina jin daɗi, shikenan darajarsa a wajena. Wani a shayi da tsire yake kashe nasa.

Aunty_Hadejia: Kai da kuɗin albasarka kake yi kuma ka san iyakarka. Yaro ɗan sha huɗu fa? Hisbah na rufe shagunan caca a Kano amma wannan yana cikin aljihun kowane yaro ba mai dubawa.

Ɗan_Gujungu: To yanzu in na koma majalisa me zan ce wa mutumin nan, ya ci gardamar ko ni na ci? Don shi dala miliyan ya faɗa kuma kun tabbatar, ni kuma Glacier nake nufi.

Injiniya_Wudil: Kace masa ya kawo wanda ya sayi fadama da Glacier a Jahun ko Taura mu je mu ga gonar.

Ɗan_Dambatta_Pro: Fadama dai ban sani ba, amma na san wanda ya sayar da akawun ya cika ya sayi babur ɗan gwanjo.

Lissafi_BirninKudu: Tambaye shi nawa ya zuba kafin nan, in ya yarda ya nuna maka tarihin lodin da ya yi ka turo mana nan mu lissafa.